Ka san abu, amma a ina ka ji shi? Sharhi kan hipnosis, mantuwa da tsufa

A 1966 wasu masu bincike biyu, Frederick Evans ɗan Ostareliya da wata abokiyar aiki mai suna Wendy Thorn, sun buga sakamakon wani ɗan gwaji da in ka ji shi da farko sai ka ce ai wannan wasan yara ne. Za su sa ɗalibi cikin hipnosis, wato wannan yanayin da ake lallaɓa mutum da magana ya saki jiki ya tattara hankalinsa waje ɗaya har ya riƙa karɓar abun da ake faɗa masa, sai a yi masa tambayar da aka tabbata bai san amsarta ba, misali akwai wani dutsen ado mai ruwan shuɗi da ja da ake kira ametis, in aka gasa shi da wuta wane launi yake komawa? Ɗalibi ya ce bai sani ba, a ce masa ruwan ɗorawa. Daga nan a ce masa in ka farka za ka manta duk abun da ya faru a zaman nan sai na ba ka alama. Ya farka, a tambaye shi me aka yi, ya ce shi fa bai tuna komai ba. To ametis in aka gasa shi fa? Wasu daga cikinsu nan take sai su ce ruwan ɗorawa. A ina ka sani? Sai kame-kame, wannan ya ce ƙila a aji ya taɓa ji, wancan ya ce ƙila wani ne ya taɓa faɗa masa. Amsar tana nan daram, amma inda aka samo ta ya ɓace, kuma mutumin bai bar gurbin haka nan ba, sai da ya cusa wani abu a ciki.

Wannan ɗan ramin tsakanin sanin abu da sanin inda ka samo shi, shi ne a ganina zaren da ya ɗinke fannoni uku da mutum zai ɗauka ba abun da ya haɗa su, hipnosis da tunawa da kuma yadda ƙwaƙwalwa take tsufa. Kuma akwai malamin jami'a da rayuwar aikinsa ta bi ta kan dukkan ukun, John Kihlstrom, Ba'amurke. Ya gama digirin farko a Colgate a 1970, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Fensilbaniya ya gama a 1975 ƙarƙashin Martin Orne, a ɗakin binciken da shi Evans ɗin ma yake aiki a Filadelfiya, daga nan ya koyar a Harvard, ya koma Wisconsin, ya koma Arizona, sai Yale, sai Berkeley a Kalifoniya daga 1997 har ya yi ritaya. In ka kalli jerin makarantun sai ka ce mutumin ya ji daɗi, to amma ka tuna fannin da ya ɗauka fanni ne mai ƙaurin suna tun asali.

Dalili kuwa tarihi ne. Franz Mesmer da ya tare a Faris a 1778 cewa ya yi wani irin ruwan maganaɗisu ne yake bi ta jikin mutane yana warkar da su, a 1784 Sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin masana kimiyya har da Benjamin Franklin da Lavoisier a ciki, suka rufe wa mutane ido suka gwada suka ce babu wani ruwa, abun da mutum ya saka a ransa ne kawai yake aiki. Tun daga lokacin abun yake yawo tsakanin likitoci da masu wasan dandali, kuma har gobe in ka ce wa mutum hipnosis abun da zai fara zuwa masa a rai shi ne rufa-ido ko tsafi. Sai a 1959 Ernest Hilgard da André Weitzenhoffer a Stanford suka fito da ma'auni, umarni 12 ne ake ba mutum ɗaya bayan ɗaya, hannunka zai yi nauyi ya sauka, ba za ka iya lanƙwasa gwiwar hannu ba, da sauransu, a ƙirga nawa suka kama shi. Nan aka gane mutane sun bambanta sosai, waɗanda abun yake kamawa da ƙarfi ba su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, wasu kuma ko gezau, yawanci suna tsakiya. Da aka sake auna tsofaffin ɗaliban bayan shekara 25 makinsu bai canja sosai ba. Kenan ƙarfin ba a hannun mai yin hipnosis ɗin yake ba kamar yadda finafinai suke nunawa, yana jikin wanda ake yi wa.

Shi Orne, ubangidan Kihlstrom, mutum ne mai shegen zargi, kuma wannan zargin ne ya ba aikinsa daraja. Tambayarsa kullum ita ce ya za a yi mu san mutumin nan ba faranta mana rai kawai yake ba? Ɗalibi ya shigo ɗakin gwaji, ya ga farfesa, ya hango abun da ake so ya yi, ai zai yi. Sai ya ƙirƙiro dabara, a ɗauko mutanen da aka san hipnosis ba ya kama su a ce musu ku je ku yaudari mai gwajin, ku yi kamar ya kama ku, shi kuma mai gwajin bai san wane ne na gaske wane ne ɗan wasa ba. Duk abun da ɓangarorin biyu suka yi iri ɗaya, to ba za ka iya rantsewa hipnosis ne ya jawo shi ba. A nan gwajin dutsen nan ya yi armashi, domin da Evans ya maimaita shi da 'yan wasan kwaikwayon, su da aka tambaye su launin sai su ce ba su sani ba, don a lissafinsu wanda ya manta zaman ai dole ya manta amsar. Masu mantuwar gaske ne suke sakin amsar ba tare da sun lura sun tona kansu ba. Irin wannan basirar Orne ya yi amfani da ita a kan Kenneth Bianchi, wanda aka kama da kisan mata a Los Anjalas da jihar Washinton ya ce wai shi mutum biyu ne a jiki ɗaya. Orne ya ɗan jefa masa magana cewa masu wannan lalurar galibi ba sa tsayawa a biyu, da aka sake zama sai ga na uku ya fito wai shi Billy.

Aikin Kihlstrom na farko a kan wannan mantuwar bayan hipnosis ne. A wani bincike da ya buga a 1980 ya sa mutane suka haddace jerin kalmomi suna cikin hipnosis, aka ba su umarnin mantuwa, waɗanda abun yake kamawa sosai suka farka kusan ba kalma ɗaya a kansu. Sai aka canja wasa, aka ce zan faɗi kalma ka faɗi duk abun da ya fara zuwa maka, a ce cikin jerin akwai zare, sai a ce masa allura. Kalmomin da ya ce bai tuna ba su ne suke riga fitowa daga bakinsa, fiye da waɗanda ba a koya masa ba. Da aka ba da alamar warwarewa kuma sai jerin ya dawo. Wato ba a goge komai ba, abun yana ciki yana ma aiki, hanyar da mutum yake bi ya ce na tuna an koya min wannan a wuri kaza ita ce ta toshe. Likitoci sun riga sun ga irin haka a masu lalurar ƙwaƙwalwa, shahararren cikinsu Henry Molaison da aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya aka cire masa wani sashe daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa, Brenda Milner ta riƙa sa shi zana tauraro yana kallon madubi, kullum hannunsa yana ƙara gwanancewa kullum kuma bai san ya taɓa yi ba. Amfanin hipnosis a nan shi ne za ka iya haifar da abu mai kama da wannan a lafiyayyen mutum na ɗan lokaci sannan ka warware, ba wuƙa ba jini. A 1987 Kihlstrom ya tattara irin waɗannan hujjoji a wata maƙala a mujallar Science yana cewa akwai tunani da yake gudana a bayan sanin mutum kuma ana iya auna shi a ɗakin gwaji, ba sai an koma ga tatsuniyoyin Freud, tsohon likitan halayyar ɗan Adam, ba.

Ba kowa ya yarda ba fa. Theodore Barber a Amurka da Nicholas Spanos na Jami'ar Carleton a Kanada sun kafe cewa babu wani yanayi na musamman, mutum ne kawai yake taka rawar da yake jin ana so, yana kau da hankalinsa da gangan daga abun da aka ce ya manta har shi kansa ya yarda. An shafe shekaru ana wannan jayayyar a mujallu, kuma ni dai a nawa ganin kowane ɓangare ya tilasta wa ɗayan gyara gwaje-gwajensa, wanda hakan ya fi a ce wani ya ci.

Inda abun ya bar jami'a ya shiga rayuwar mutane shi ne kotu. A Yulin 1976 a garin Chowchilla na Kalifoniya wasu samari uku suka sace motar makaranta da yara 26 da direbansu Ed Ray, suka binne su cikin wata babbar mota a wurin fasa dutse, Allah ya taimake su suka haƙa suka fito. An yi wa direban hipnosis ya kawo lambar motar ɓarayin saura lamba ɗaya, labari ya bazu, 'yan sanda a Amurka suka rungumi abun, aka riƙa ba su horo na 'yan kwanaki ana gaya musu wai ƙwaƙwalwa tana naɗar komai ne, in ka iya mayar da kaset baya za ka ga komai. To masu bincike suka ce bari mu gwada. A 1983 Jane Dywan da Kenneth Bowers a Kanada suka nuna wa mutane hotuna 60, suka bar su mako guda suna ta ƙoƙarin tunawa, sannan aka yi wa wasu hipnosis. Eh sun kawo sababbin abubuwa fiye da sauran, amma yawancin sababbin ba sa cikin hotunan kwata-kwata. A wannan shekarar dai Jean-Roch Laurence da Campbell Perry a Montreal suka ɗauki mutum 27 da hipnosis yake kamawa sosai, kowa ya zaɓi wani dare a makon da ya wuce da ya ce ya yi barcinsa lafiya lau, a cikin hipnosis aka mayar da shi daren aka tambaye shi ko ya ji wata ƙara da ta tashe shi. Bayan an farka 13 daga cikinsu suka ce lallai an yi ƙarar, wasu ma ko da aka gaya musu cewa mai gwajin ne ya saka musu maganar sai suka tsaya kai da fata su fa sun ji.

Ka lura wannan ma ramin nan ne na farko aka juyo da shi. Ƙarar tana cikin kan mutum da gaske, ya ji ta a ransa lokacin zaman, abun da ya kuskure shi ne daga ina ta zo, daga daren ko daga bakin mai tambaya. Kuma bala'in shi ne hipnosis yana ƙara wa mutum tabbaci, shaidar da jiya take cewa ina jin kamar shi ne, yau za ta nuna mutum da yatsa ta ce wallahi shi ne, lauya ya yi ta juya ta ba za ta girgiza ba domin ba ƙarya take yi ba. Shi ya sa kotun ƙolin Minnesota a 1980 da ta Kalifoniya a 1982 suka rufe ƙofa ga irin wannan shaida, New Jersey a 1981 ta ce a karɓa amma da sharuɗɗan da Orne ya tsara, ƙungiyar likitocin Amurka a 1985 ta ce tunawar da aka samo ta wannan hanya ba ta fi ta yau da kullum inganci ba, tana ma iya fin ta rauni. A 1987 kotun ƙolin ƙasar, alƙalai 5 a kan 4, ta ce ba za a hana wanda ake tuhuma ba da shaida don kare kansa ba kawai saboda an yi masa hipnosis. Texas kuwa sai a 2023 ta yi dokar hana karɓar irin wannan shaida, shekara 40 cif bayan gwaje-gwajen Kanada, ka ji tafiyar hawainiya.

To ina tsufa ya shigo? A Arizona Kihlstrom ya haɗu da Daniel Schacter, wanda ya fito daga Toronto da tambayar nan ta inda aka samo labari a kan masu lalurar mantuwa. Sun yi aiki tare har a kan mutanen da aka yi wa allurar barci a ɗakin tiyata, a kunna musu kalmomi a kunne ana cikin aiki a ga ko wani abu zai maƙale, da wani maganin aka ga alama da wani kuma ba a gani ba, suka buga duka biyun. A 1991 su biyun da abokan aikinsu suka juya kan tsofaffi masu lafiya, mutum biyu suna karanto wasu ƙirƙirarrun bayanai, daga baya a tambayi abun da aka faɗa da kuma wanda ya faɗa. Tsofaffin sun fi rauni a wa ya faɗa. Bincike da yawa bayan nan sun nuna haka, tazarar da ke tsakanin yaro da tsoho ta fi faɗi a wurin tuna mahalli, wa, ina, yaushe, fiye da tuna shi kansa zancen, kuma ana danganta hakan da sashen gaba na ƙwaƙwalwa wanda yana cikin waɗanda shekaru suka fi taɓawa. Kowa ya san dattijon da zai kawo maka labari da zafinsa alhali kai ka ba shi jiya. Wannan ba gigin tsufa ba ne, gigin tsufa ciwo ne daban, shi wannan kalmominsa da saninsa na duniya suna nan, wasu ma ƙaruwa suke har shekara 60 da wani abu, sauri ne ya ragu da kuma alamar da take manne da kowane labari.

Malaman hadisi sun san wannan matsalar tun da daɗewa kuma sun yi mata tsari. Sun raba gaskiyar mai ruwaya da kiyayewarsa, mutum zai iya zama adali ba ya ƙarya amma haddarsa ta cakuɗe da ya tsufa, shi ne ikhtilaɗi, sai su bi diddigi su ga wa ya ji daga gare shi kafin cakuɗewar wa ya ji bayanta. Aɗa'u ɗan Sa'ib misali ne sananne, abun da Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ɗauka daga gare shi ana karɓa domin sun ji tun da wuri. Kuma abun da yake yawan cakuɗewa ai isnadi ne, wato daga wa na ji.

Sai dai wani abu da yake burge ni a fannin nan shi ne yadda suka dawo suka zargi gwaje-gwajen nasu da kansu, irin tarbiyyar Orne. Cynthia May da Lynn Hasher da abokin aikinsu a 1993 suka lura yawancin tsofaffi da safe kansu ya fi aiki, ɗaliban jami'a kuma da yamma, masu gwaji kuma sun fi sa lokaci da rana ko yamma don shi ya fi musu sauƙi. Da aka gwada da safe tazarar ta ragu ƙwarai. A 2002 kuma Tamara Rahhal da su May da Hasher suka canja tambayar, maimakon muryar namiji ce ko ta mace, aka gaya wa mutane tun farko wannan mai gaskiya ne wancan maƙaryaci, daga baya aka tambaya zancen nan gaskiya ne ko ƙarya, tsofaffin suka yi kafaɗa da kafaɗa da yara. Kenan in mahallin yana da ma'ana a wurinsu suna riƙe shi. Ga kuma tsohuwar rigimar yaushe ma raguwar take farawa, in ka kwatanta ɗan 25 da ɗan 70 a rana ɗaya kamar yadda Timothy Salthouse yake yi za ka ga kamar tun kafin 30 aka fara gangarowa, in kuma ka bi mutane ɗaya shekara da shekaru kamar binciken Seattle da Warner Schaie ya fara a 1956 sai ka ga ba wani abun a zo a gani sai wajen 60. Na farko yana cakuɗa shekaru da bambancin zamani da karatu, na biyu kuma mutane suna sabawa da jarrabawar, masu rauni kuma suna zamewa a hanya. Mutum zai iya ƙare rayuwar aikinsa kaf a kan wannan kaɗai, kuma wasu sun yi.

Akwai wani bincike na 2005 da nake ganin ya kamata duk mai aikin tantance labarai ya sani. Ian Skurnik da Carolyn Yoon da Denise Park da Norbert Schwarz suka nuna wa mutane maganganu a kan lafiya da magunguna, kowanne da tambarin gaskiya ko ƙarya, wasu sau ɗaya wasu sau uku. Nan take maimaitawar ta taimaki tsofaffi, sun tuna wanne ne ƙarya. Bayan kwana uku abun ya juye, maganar da aka gaya musu sau uku cewa ƙarya ce ita suka fi ɗauka gaskiya, domin tambarin ya goge, sabon da kunne ya yi da zancen ya rage, shi kuma abun da kunne ya saba da shi yana kama da gaskiya. A 2019 Andrew Guess da abokan aikinsa suka duba abun da Amurkawa suka yaɗa a Facebook lokacin zaɓen 2016 suka ga waɗanda suka haura 65 sun tura labaran bogi kusan ninki 7 na 'yan 18 zuwa 29, duk da cewa mafi yawan mutane a kowane rukuni ba su tura ko ɗaya ba. Wannan binciken bai ce mantuwar mahalli ce sanadi ba, rashin sabo da intanet ma yana iya zama, kada a ɗora masa abun da bai faɗa ba. Amma na 2005 ɗin ya isa ya sa ka yi tunani sau biyu kafin ka ɗauki hoton saƙon bogi a WhatsApp, ka rubuta ƘARYA da ja a kai, ka tura wa Baba da Hajiya a gurup ɗin gida sau uku, domin ranar Juma'a mai zuwa abun da zai rage a kansu shi ne ganyen kaza yana maganin ciwon suga, jan rubutun kuma ya tafi. Ya fi ka rubuta musu abun da yake daidai, shi ɗin ka yi ta maimaitawa, ka kuma faɗi likitan ko hukumar da ta ce haka.